Gem ɗin gudu a waya: me ya sa tsalle ke makara bayan an taɓa sikirin?

Nura Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masu haɗa gem. Ina haɗa irin wasan nan da ɗan wasa, wato mutumin cikin gem ɗin, ke gudu da kansa, kai naka tsalle kawai, kamar Super Mario Run ko Geometry Dash. A kwamfuta komai na tafiya daidai, amma da an sa shi a waya sai tsallen ya riƙa makara, ɗan wasa ya afka rami alhali an taɓa sikirin tun bai kai bakin ramin ba. Da Unity, manhajar haɗa gem, aka yi shi, 2D, waya a kwance. Gudun a saman ganuwa ake yi, ana tsallake wuraren da ruwa ya cinye, hasumiyar Gobarau ta nan Katsina na can baya. Laifin waya ne ko na kod?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Nura. Kafin mu ɗora wa waya laifi, faɗa min abu uku. Da me kake karɓar taɓin, Button na UI ko kai tsaye daga Input? A cikin Update, mai gudana duk sabon hoto, kake karantawa, ko FixedUpdate na lissafin motsi? Kuma ka saita Application.targetFrameRate?

Nura Ƙofar Ƙaura: Button ne babba da ya rufe sikirin gaba ɗaya, da onClick. Shi yake kunna wata alama, FixedUpdate ya gani ya yi tsallen. targetFrameRate kuwa ban taɓa shi ba.

Injiniya Bashir: To ga ɓarawon nan. onClick ba ya aiki lokacin da yatsa ya sauka, sai lokacin da ya tashi. An yi shi ne don menu, inda mutum zai iya danna abu ya fasa ya zame yatsansa gefe. Taɓi na yau da kullum yakan ɗauki kusan daƙiƙa 0.1 tsakanin saukar yatsa da tashinsa, wani ma ya fi haka in mai nauyin hannu ne. Idan ɗan wasanka na cin tayil 8 a daƙiƙa, wato murabba'an da ake jera filin wasa da su, ya yi gaba da kusan tayil guda kafin gem ɗin ya san an taɓa shi. A kwamfuta ba ka ga haka ba saboda GetKeyDown da saukar yatsa yake aiki.

Gyaran: cire Button ɗin. Ko ka yi amfani da IPointerDownHandler ka sa tsallen a OnPointerDown, ko ka duba TouchPhase.Began a cikin Update.

Na biyu, Unity a Android da iOS firam 30, wato hotuna 30, yake bayarwa a daƙiƙa in ba ka ce masa komai ba. Kowane firam milisakan 33 ke nan. Rubuta Application.targetFrameRate = 60 a farkon wasa, firam ya dawo milisakan 16.7. Na uku, FixedUpdate sau 50 yake zagayawa a daƙiƙa, wato kowane 0.02, don haka akwai wani jiran da zai iya kai milisakan 20. Je Project Settings, Time, ka mayar da Fixed Timestep 0.01667 ya yi daidai da 60, sannan ka sa Interpolate a Rigidbody2D. In ka bar 50 da 60 suna tafiya tare za ka ga ɗan wasa na ɗan karkarwa yana gudu, mutane su ce waya ce ke hangin alhali lissafi ne bai haɗu ba.

Malama Hauwa: Abin da Injiniya ya faɗa shi ne rabin farko. Rabi na biyu, Nura, ka san faɗin lokacin da ka ba mai wasa ya yi tsalle a kowane rami? Yawanci ba a lissafawa, da ido ake ajiye rami, to a nan gizo ke saƙa.

Bari mu yi lissafin. Ka zaɓi tsayin tsalle da lokacin kaiwa ƙololuwa, sauran su fito da kansu. A ce tsayi tayil 3, lokaci daƙiƙa 0.35. Saurin tashi shi ne tsayi sau 2 a raba da lokaci, 17.1 ke nan. Ƙarfin jan ƙasa kuma tsayi sau 2 a raba da lokaci sau kansa, ya ba ka 49. Wajen saukowa a ninka jan ƙasar sau 1.5 don kada ɗan wasa ya yi ta shawagi, saukar za ta ɗauki kusan 0.29. Jimillar zamansa a sama 0.64. A gudun tayil 8, tsalle ɗaya tayil 5.1 yake ci.

Yanzu duba. Ramin tayil 3 ya bar rarar tayil 2.1, wato mai wasa na da daƙiƙa 0.26 da zai taɓa a cikinta ya tsira. Ramin tayil 4 ya bar 0.14 kacal. Ramin tayil 5 kuwa bai kai firam ɗaya ba, sai mai sa'a. Ban sa faɗin jikin ɗan wasa ba, yakan ƙara ɗan kaɗan. To ka haɗa 0.1 na onClick da jinkirin firam 30 da na sikirin ɗin kansa, za ka ga sun cinye 0.14 ɗin nan tas. Mai wasa ya taɓa a daidai, gem ya ce ya makara.

Ko bayan gyaran Injiniya, ka ƙara rangwame iri biyu. Na farko shi ake kira coyote time: bayan ƙafar ɗan wasa ta bar baki, a ci gaba da karɓar tsalle na tsawon daƙiƙa 0.08 zuwa 0.1, firam 5 ko 6 ke nan. Agogo ne ƙarami da kake cikawa duk lokacin da yake ƙasa, ya fara raguwa da ya bar ta. Ka tabbata ka mayar da agogon sifili da zarar an yi tsalle, in ba haka ba mai saurin yatsa zai samu tsalle biyu a sama. Na biyu ajiyar taɓi: in an taɓa kafin ya sauka da 0.1 zuwa 0.12, a riƙe taɓin, da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya tashi. In babu wannan, duk wanda ya riga sauka da firam biyu taɓinsa ya tafi a banza, kuma shi zai rantse ya taɓa.

Sadiq Daura: Malama, da girmamawa, ni ban yarda da wanga lallashi ba. Geometry Dash tun 2013 yake, Robert Topala ya yi shi, kuskure ɗaya ka koma farkon mataki, kuma har yau yara na buga shi a Tecno da itel ba su fasa ba. Daɗin irin wannan wasa ai wahalarsa ce. In ka ce mutum ya taka iska ya yi tsalle, me ya rage?

Malama Hauwa: Sadiq, a Geometry Dash in ka danne yatsa ba ka ɗaga ba, me akwatin ke yi da ya sauka?

Sadiq Daura: Sake tsalle yake nan take.

Malama Hauwa: To ajiyar taɓi ke nan da wata riga. Sannan matakansa ba sa canzawa, haddace su ake yi, kiɗa na gaya maka lokacin taɓi, in ka mutu ka dawo nan da nan, ga kuma yanayin atisaye mai wuraren tsayawa. Wahalarsa a tsarin mataki take. Na Nura kuwa, in ramuka sabbi ne ke fitowa kowane zagaye, mutum da ido kawai yake aiki, babu hadda. Rangwamen 0.1 ba sauƙaƙa wasa yake ba, biyan bashin jinkirin da waya ta ci ne. Mai wasa ba ya ma ganinsa, domin a idonsa ƙafar na kan baki lokacin da ya taɓa.

Sadiq Daura: Na ji ta ajiyar taɓi. Ta taka iska ce har yanzu ban gamsu ba. In ya kai 0.15 ana gani ƙarara.

Malama Hauwa: A nan kam gaskiyarka. Ya wuce 0.12 a gudu mai sauri, ya fi tayil guda a iska, ido zai kama. Shi ya sa na tsaya a 0.1, kuma in gudu ya ƙaru ana iya rage shi zuwa 0.07.

Nura Ƙofar Ƙaura: Allah ya saka da alheri. To dogon tsalle da gajere fa? Dalilin da ya sa na so jiran tashin yatsa ke nan, don in san tsawon dannawar.

Injiniya Bashir: Ba a jira. Da yatsa ya sauka ka ba shi cikakken saurin tashi, 17.1 ɗin da Malama ta fitar. In ya ɗaga yatsa alhali ɗan wasa na kan hawa, ka ninka saurin hawan da 0.5 sau ɗaya, tsallen ya gajarce. In bai ɗaga ba ya kai ƙololuwa. Canabalt na Adam Saltsman, wanda ya fito a 2009 kuma ya buɗe wa irin waɗannan wasanni hanya, maɓalli ɗaya gare shi, tsawon dannawa ke ba da tsayin tsalle. Super Mario Run ma haka.

Abu ɗaya da ke lalacewa a waya: taɓin wasu gajere ne ƙwarai, firam 2 ko 3, sai tsallen ya yanke tun bai tashi ba, ya kasa ko ƙaramin rami. Ka sa mafi ƙarancin lokaci, kamar 0.08, wanda ko an ɗaga yatsa kafin ya cika ba za a yanke ba sai ya cika. Kuma in tsallen daga ajiyar taɓi ya fito, ka duba ko yatsan na nan a lokacin tashi. In ya riga ya tashi, gajeren tsalle za ka ba shi.

Abdul mai gyaran waya: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren ƙarfe, don wani jinkirin ba kod ne ke kawo shi ba. Sikirin ɗin waya da ɗan cajin lantarkin jikin yatsa yake gane taɓi, shi ya sa abubuwa da yawa ke rikita shi.

Caja marar kyau ita ce ta farko. Tana shigo da hayaniyar lantarki, sikirin ya riƙa ganin taɓin da ba a yi ba ko ya ƙi ganin wanda aka yi. Duk gwajin da za ku yi, ku zare caja tukuna. Sai sikirin na canji mai araha, wanda sau da yawa gefunansa ba sa ji sosai, kuma a gefen ne babban yatsa ke zama in waya na kwance. Sai gilashin kariya mai kauri ko wanda iska ta shiga ƙarƙashinsa. Sai zufa: ɗigo ɗaya a kan gilashi waya na iya ɗaukarsa yatsa ne da aka danne ba a ɗaga ba. Da hunturu kuma akasin haka, fata ta bushe, taɓi mai sauƙi ya ƙi shiga.

Zafi ma babbar magana ce. A watan Afrilu da Mayu garin nan na haura digiri 40. Waya in ta ɗau zafi da kanta take rage ƙarfin furosesa don kada ta lalace, sai gem ɗin da ya fara da firam 60 ya riƙa saukowa bayan an jima ana bugawa. Kada ku gwada na minti biyu a ɗaki mai fanka ku ce ya yi. A buga minti 15 zuwa 20 a jere, da rigar waya a jiki, hasken sikirin a sama. Yanayin tattalin batir ma yana rage gudu, a gwada da shi a kunne da kuma a kashe.

In kana son ka raba gardama tsakanin waya da kod: shiga Settings, About phone, danna Build number sau 7, Developer options ya buɗe, ka kunna Show taps da Pointer location. In ɗigon na bayyana duk inda ka taɓa, waya lafiya take, koma kan kod ɗinka.

Ummi: Yaya Abdul, masu talla na rubuta 90Hz a kwalin waya, wasu kuma su rubuta 180Hz ko 240Hz. Wanne ya shafi maganar nan?

Abdul mai gyaran waya: Duka biyun, amma aikinsu daban. 60, 90 ko 120 yawan sabunta hoto ne a daƙiƙa. 120, 180 ko 240 na taɓi kuwa yawan leƙen da waya ke yi ta ga ko akwai yatsa. A 120 tana leƙawa kowane milisakan 8.3, a 240 kowane 4.2. Bambancin milisakan 4 ke nan, bai kai ko kusa da 100 ɗin da onClick ke ci ba. Kada wani ya sayi sabuwar waya saboda wannan.

Auna jinkirin gaba ɗaya ma ba wuya. Ɗauki wata wayar mai bidiyon sulo, wato mai nuna motsi a hankali, na firam 240, ka ɗauki yatsa da sikirin tare daga gefe. Ƙirga firam daga saukar yatsa zuwa motsin farko na ɗan wasa, ka ninka da 4.2. In mai 120 ce ka ninka da 8.3. Yi sau goma ka ɗauki na tsakiya, kafin gyara da bayan gyara.

Nura Ƙofar Ƙaura: Akwai kuma sulalewa ta ƙarƙashin abu da nake son ƙarawa. Tunanina taɓi ya zama tsalle, jan yatsa ƙasa ya zama sulalewa, kamar Subway Surfers.

Yusuf Batagarawa: Kada ka haɗa su. Duk jan yatsa da taɓi yake farawa. In tsalle na tashi da saukar yatsa, mai son sulalewa zai yi tsalle kafin gem ya gane ja yake. In kuma ka ce a jira a ga ko zai ja, ka dawo da jinkirin da aka sha wahalar cirewa. A Subway Surfers, na Kiloo da SYBO da ya fito a 2012, tsallen ma jan yatsa sama ne, taɓi ɗaya ba ya yin komai a lokacin gudu, shi ya sa suka samu damar ba taɓi biyu a jere aikin fito da allon shawagi. Temple Run na 2011 ma ja ne, da karkata waya don kwasar sulalla. Waɗannan kyamara na bayan ɗan wasa, kana hango abu tun daga nesa yana tahowa, don haka jinkirin ja ba ya kisa. Naka daga gefe ake kallo, tsalle a bakin rami ake yi, ba ka da wannan sararin.

Mafita: raba sikirin biyu. Ɓangare ɗaya tsalle, ɗaya sulalewa, duka da saukar yatsa. Kada ka zana ƙananan maɓallai a kusurwa, idon mai wasa na kan ramin da ke tahowa, kuma gilashi ba ya gaya wa yatsa ya sauka a daidai ko ya kauce. Google 48dp ya ce mafi ƙanƙantar abin taɓawa, dp kuwa ma'aunin girma ne a sikirin da bai dogara da yawan fiksil ba, amma wannan na menu ne, a cikin gudu rabin sikirin ake so. Kuma ka koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Rayman Jungle Run na 2012 haka ya yi: rukunin matakai na farko tsalle kawai, na biyu shawagi, na uku gudu a bango, na huɗu naushi.

Wanda ya dage sai ja, ga ƙa'idoji. A gane jan tun yatsa na tafiya, kada a jira ya tashi. A auna tazarar da dp ko milimita, kada a auna da fiksil, don fiksil 50 a waya mai faɗin fiksil 720 ya fi tsawo a kan fiksil 50 a mai 1080 in girmansu ɗaya. Android kansa sai yatsa ya wuce 8dp yake ɗauka motsi ne, kai ka sa 20 zuwa 30. Screen.dpi na Unity na iya dawo da 0 a wasu wayoyi, ka tanadi madadin, kamar kashi 4 cikin 100 na gajeren gefen sikirin. Sannan a kwatanta tafiyar kwance da ta tsaye, wadda ta fi ita ce alkiblar, kuma ja ɗaya umarni ɗaya har sai yatsa ya tashi.

Injiniya Bashir: Tunda za a yi yatsa biyu, ga wani tarko. Darussan YouTube da yawa GetTouch(0), wato yatsan farko, kawai suke karantawa. In tafin hannu ya ɗan taɓa gefen sikirin, ko yatsan hagu na danne, shi ne na 0, sabon taɓin ya zama na 1, kod bai gan shi ba. Ka zagaya duk touchCount, ka riƙe fingerId na yatsan da ya fara tsalle, tashinsa kaɗai ne zai yanke tsallen.

Gefuna kuma: tun Android 10, a wayar da aka kunna gesture navigation, jan yatsa daga gefen hagu ko dama komawa baya ne. Ka sa wasan ya cika sikirin gaba ɗaya, kuma ka sani setSystemGestureExclusionRects, mai hana Android ƙwace jan yatsa a gefe, 200dp kawai yake ba ka a kowane gefe in sandar ƙasa ta Android ba a ɓoye take ba. Wannan ma wani dalili ne na barin ja. Tecno da Infinix da Redmi kuma na da ɗaukar hoton sikirin da yatsa uku, in yara biyu suka sa hannu a waya ɗaya sai hoto ya ɗauku a tsakiyar gudu.

Malama Hauwa: Wane ɓangaren ne tsalle? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Ɗan wasa dama yake gudu, duk abin da zai kashe shi daga dama yake shigowa, kuma nan babban yatsan dama ke zaune. Kamar mai Napep ne da fasinja ya tare masa rabin gilashin gaba. Lissafa: sikirin 16:9 mai nuna tayil 20 a faɗi, ɗan wasa a rubu'in farko daga hagu, saura tayil 15 a gabansa. A gudun 8 yana da daƙiƙa 1.9 na hange. A 12 ya koma 1.25. A 16 ya koma 0.94, in yatsa ya rufe tayil 3 na ƙarshe saura 0.75. Mutum kusan rubu'in daƙiƙa yake ɗauka kafin ya motsa ga abin da ya gani, in zai zaɓa tsakanin tsalle da sulalewa kuma ya fi haka. Ni dai ba na barin hange ya gaza daƙiƙa 1. Ko ka tsayar da ƙaruwar gudu a 12 zuwa 13, ko kyamara ta riƙa ja baya a hankali in gudu ya ƙaru. Ka ɗaga layin ganuwar sama kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan sikirin ya zama wurin yatsu, kuma ka sa zaɓin juya ɓangarorin a saiti saboda bahagwai.

Nintendo ta wata hanya suka bi a Super Mario Run, wanda ya fito a iPhone a Disambar 2016, a Android kuma a Maris 2017. Waya a tsaye, hannu ɗaya, ƙasan sikirin an bar wa yatsa. A tsaye hange gajere ne, sai suka biya da wasu abubuwa: Mario da kansa yake haye ƙananan abokan gaba da ƙananan giɓi, akwai tubalan da ke tsayar da shi ya jira ka, in ya faɗi kuma kumfa ta ɗauko shi ta dawo da shi baya. Wahalar sai suka mayar da ita kan sulalla biyar masu launi na kowane mataki, ruwan hoda, sai shunayya, sai baƙaƙe. Mai rauni ya gama mataki, gwani ya koma neman sulalla. Sadiq, ga inda za ka samu wahalarka ba tare da an zalunci yatsa ba.

Sadiq Daura: Wannan kam na yarda. Sai dai Mario Run ba ya buɗewa in babu intanet, kada Nura ya kwaikwayi nan. Kowa ya tuna 2021 da aka rufe layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar nan. Ɗan dinosa na Chrome ma, tun 2014, ai don rashin netwok aka yi shi.

Malama Hauwa: Ƙari ɗaya kan kyamara. Unity tsayin hoto yake riƙewa, faɗi ya bi waya. Mai 20:9 zai ga tayil 25 inda mai 16:9 ke ganin 20. Ka tsara ramuka da ƙaramin. Kuma da gudu ya canza, faɗin rami ya bi shi: nisan tsalle gudu ne sau 0.64, ka cire rarar aƙalla daƙiƙa 0.2. Haka wurin sauka, a bar aƙalla daƙiƙa 0.4 na gudu kafin haɗari na gaba. Hanya mafi aminci ita ce ka gina guntayen hanya 20 ko 30 da hannu, kowanne ka rubuta masa gudun da ya dace da shi, kod ya riƙa zaɓa yana jerawa. In ka bar kod ya jefa rami da shinge yadda ya ga dama, wata rana zai haɗa abin da ba ya tsallakuwa.

Ummi: Masu yi a burawza da JavaScript, abin ɗaya ne da wasu sunaye. A yi amfani da pointerdown, kada a yi da click. A sa viewport na width=device-width, in babu shi burawza na iya jiran milisakan 300 ta ga ko taɓi biyu za a yi don zuƙo shafi. A sa touch-action: none a kan canvas don kada shafi ya motsa. Babban abin da ke kama mutane shi ne requestAnimationFrame, da sikirin yake tafiya. In ka rubuta a ƙara fiksil 5 kowane firam, a waya mai 90Hz wasan zai yi sauri sau ɗaya da rabi, a mai 120Hz ninki biyu. A ninka kowane motsi da lokacin da ya wuce tsakanin firam biyu, kuma a yi wa lokacin iyaka, kamar 0.05, don in waya ta ɗan tsaya kada ɗan wasa ya ɓulla cikin bango.

Yusuf Batagarawa: A Godot, wata manhajar haɗa gem, ma Button da tashin yatsa yake aiki sai ka canza action_mode. TouchScreenButton shi da sauka yake. Lissafin motsinsa 60 ne tun asali, don haka matsalar 50 ba ta taso ba. Ga wanda ba shi da laftof, editan Godot na aiki a Android, ana iya gwada duk lambobin Malama a kan wayar kanta.

Injiniya Bashir: Saura abubuwan da mai wasa zai ce taɓi ne ya ƙi alhali ba shi ba ne. In kana Instantiate da Destroy, wato ƙirƙira da rusawa, ga kowane sulai da kowane guntun hanya, shara na taruwa a ƙwaƙwalwa, ranar kwasarta firam ɗaya ya tsaya, in ya faɗo a bakin rami shi ke nan. Ka ƙirƙiri adadin da kake buƙata tun farko, wanda ya wuce ta hagu a kashe shi a mayar da shi dama. Ƙafar BoxCollider2D na maƙalewa a mahaɗar tayil biyu, ka sa CompositeCollider2D a Tilemap ko ka yi wa ɗan wasa CapsuleCollider2D. Faɗuwa mai saurin tayil 30 a daƙiƙa tana cin 0.6 a kowane zagayen 0.02, ta ratsa dakali mai kaurin rabin tayil, don haka sa Collision Detection a Continuous, ka tsayar da saurin faɗuwa a 20. Akwatin mutuwa na ƙaya ko shinge ya gaza zanensa da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. In kuma gudun ba shi da ƙarshe, lambar float, wadda ke riƙe matsayin ɗan wasa, na rasa daidaito in ta yi nisa, a wajen 100,000 tazararta ta kai kusan 0.008, hoto ya fara rawa. Duk bayan tayil 1,000 ka mayar da komai kusa da sifili a firam ɗaya.

Abdul mai gyaran waya: Sauti fa? Iyafis na Bluetooth na iya makarar da sauti da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. In kiɗa ne ke jagorantar tsalle, mai irin wannan iyafis ya shiga uku.

Injiniya Bashir: Haka ne. In wasan na bin kiɗa sai an sa shafin daidaitawa a saiti, mutum ya taɓa tare da bugun ganga sau takwas ko goma, a ɗauki matsakaicin makararsa a gusar da kiɗan da shi. In ba ya bin kiɗa, sautin tsalle dai ya zama gajeren WAV, Decompress On Load, babu shiru a farkon fayil ɗin, DSP Buffer Size kuma a Best latency. Amma shaidar farko da mai wasa zai samu cewa an karɓi taɓinsa ta zama ta ido: a firam ɗin da yatsa ya sauka zanen ya canza, ƙura ta tashi. Kada ka sa zanen durƙusawa kafin tashi, yana da kyau a kallo amma firam 4 ko 5 yake ci.

Ummi: Da maganar talla. Wanda ya mutu yatsansa na kan hanyar sauka, in talla ko maɓallin saye ya fito nan take a wurin, zai danna ba da niyya ba. Shi ya fusata, kai kuma AdMob, kafar tallar Google, na iya rufe asusunka saboda dannawar bogi. A yi watsi da duk taɓi na daƙiƙa 0.4 bayan mutuwa, kada a sa tallar kwance a inda yatsu ke zama, kuma sake farawa kada ya kai daƙiƙa 1, ba tare da loda filin wasa daga farko ba.

Nura Ƙofar Ƙaura: Na rubuta duka. In kira ya shigo ana tsakiyar gudu fa, ko aka jawo sanarwa daga sama?

Injiniya Bashir: OnApplicationPause da OnApplicationFocus, duka biyun su tsayar da wasa. In ya dawo kada gudu ya ci gaba nan take, a ƙirga 3, 2, 1 yana ganin inda ya tsaya, kuma taɓin da ya danna ci gaba kada a ɗauke shi tsalle. Sannan ka kula da TouchPhase.Canceled. In Android ya ƙwace yatsa saboda kira ko sanarwa, Ended ba zai zo ba, Canceled ne zai zo. In ba ka ɗauke su ɗaya ba, kod zai ci gaba da zaton yatsan na danne, tsallen farko bayan dawowa ya fito dogo ko ya ƙi fitowa sam. Wajen tsayarwa ka goge fingerId da ajiyar taɓi da agogon rangwame gaba ɗaya. In ka gama, turo APK ɗin, wato fayil ɗin sa wasan a waya, nan zauren tare da sunan wayar da ka gwada a kai da adadin firam ɗin da ka ƙirga a bidiyon sulo, masu itel da tsofaffin Tecno su fara gwadawa.